Ayilan: Ƙasar da Ta Shekara Fiye da Ɗari Tana Sallamar 'Ya'yanta

A shekarar 1841 aka ƙidaya mutanen tsibirin Ayilan, aka sami miliyan 8 da dubu 175. Yau, bayan fiye da shekara 180, in ka haɗa Jamhuriyar Ayilan da Ayilan ta Arewa wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, da ƙyar suka haura miliyan 7. A wannan tsakanin jama'ar Ingila, maƙwabciyarta, sun ninka fiye da sau uku. Sauran ƙasashen Turai sun sha yaƙin duniya har sau biyu, sun binne miliyoyi, duk da haka sun ƙaru. Ayilan kuwa har yanzu ba ta koma inda take ba.

Duk wanda ya tambayi dalili, za a ce masa yunwa ce. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika ba. Yunwar ta yi kamar shekara bakwai ta wuce, amma raguwar jama'a sai da ta ci shekara 120 kafin ta tsaya. Abin da ya kwashe ƙasar shi ne abin da yunwar ta bari a baya, wato tafiya da ta zama gado, uwa tana renon ɗa tana sane da cewa wata ƙasa take yi wa reno.

Tushen abin yana cikin ƙasar noma. Tun ƙarni na 16 da na 17 sarakunan Ingila, sannan Oliver Cromwell, suka ƙwace mafi yawan gonakin tsibirin suka raba wa nasu. 'Yan ƙasa, waɗanda akasarinsu 'yan Katolika ne, suka koma haya a gonakin kakanninsu, masu gonakin kuma da yawansu suna zaune a Landan, ba abin da ya haɗa su da ƙasar sai kuɗin haya. A 1801 aka rushe majalisar Dublin aka haɗe Ayilan da Birtaniya. Talaka ya noma hatsi ya kiwata alade, duk na biyan haya ne. Abin da zai ci shi da iyalinsa shi ne dankalin Turawa, domin ɗan fili kaɗan yana fitar da abin da zai riƙe gida shekara guda. Magidanci mai aikin ƙarfi yakan ci kilo biyar zuwa shida na dankali a rana, ya kora da tsala. Uba ya raba ɗan filinsa ga 'ya'yansa maza, su ma su raba wa nasu, fili yana ƙanƙancewa, baki yana ƙaruwa. Zuwa 1845 mutum kusan miliyan 3 ba su da wani abinci sai dankali, kuma akasari iri ɗaya suke shukawa.

A watan Satumba na 1845 cutar dankali ta bayyana. Ganye ya yi baƙi, gona ta ɗauki wari, a tona a tarar da dankalin ya ruɓe ya zama taɓo. Har wanda aka riga aka adana a rami bai tsira ba. A 1846 kusan komai ya lalace. A 1847 cutar ta lafa, amma mutane sun riga sun cinye iri, ba a shuka abin kirki ba. A 1848 ta dawo.

Cuta daga Allah take, amma yadda aka bi da ita aikin mutane ne. Firaministan Birtaniya na lokacin, Robert Peel, ya sayo masarar fam 100,000 daga Amurka, abin da ya ɗan rage raɗaɗi ko da yake mutane ba su saba niƙanta ko dafa ta ba. Gwamnatin John Russell da ta gaje shi a 1846 ta yi imani cewa ba a sa wa kasuwa hannu. Charles Trevelyan, jami'in baitulmali da ke riƙe da aikin agaji, ya fi tsoron kada talaka ya saba da kyauta a kan kada ya mutu. Aka ce mai son abinci ya fito aikin hanya, mutanen da yunwa ta gama cinyewa suka riƙa fasa dutse cikin sanyin hunturu a kan ladan da bai isa sayen abincin gida ba. A tsakiyar 1847 aka buɗe wuraren raba miya, har aka kai ana ciyar da mutum miliyan 3 a rana. Wannan ya nuna cewa da an so, an iya. Bayan 'yan watanni aka rufe su, aka ce kowane yanki ya ɗauki nauyin matalautansa. Aka kuma kafa wata doka mai tsanani: duk wanda ke riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba shi da rabo a agaji sai ya saki filin. Uba ya zaɓa, ko gona ko ran 'ya'yansa. Duk wannan lokaci jiragen ruwa suna fita daga tashoshin Ayilan ɗauke da hatsi da shanu da man shanu zuwa Ingila. Gaskiya ne daga 1847 abincin da ke shigowa ya fi mai fita yawa, to amma abinci a kasuwa ba ya ƙosar da wanda ba shi da ko sisi.

Taimako ya zo daga inda ba a zata ba. Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika da fam 1,000. Ƙabilar Choctaw ta Amurka, wadda ita kanta ba ta daɗe da aka kore ta daga ƙasarta ba, ta tara dala 170 ta aika. Har yau mutanen Ayilan ba su manta da wannan ba.

Wanda ke son ganin abin kusa, ya dubi Strokestown a gundumar Roscommon. Mai gonakin wurin, Manjo Denis Mahon, ya yi lissafi ya ga biyan kuɗin jirgi ya fi masa sauƙi a kan ciyar da 'yan hayarsa a gidan gajiyayyu. A 1847 aka tasa mutum 1,490 a gaba, maza da mata da yara, suka bi gefen magudanar ruwa da ƙafa, tafiyar fiye da kilomita 160, har Dublin. Daga nan aka haye da su Liverpool, aka zuba su cikin jirage huɗu zuwa Kanada. Ɗaya daga cikin jiragen, Virginius, ya tashi da mutum 476. Kafin ya isa, 158 sun mutu da zazzaɓi an jefa su teku. Waɗanda suka isa aka tsare su a tsibirin Grosse Île kusa da Quebec, inda aka binne fiye da mutum 5,000 a shekarar kaɗai. A watan Nuwamba aka harbe Mahon a hanyarsa ta komawa gida. Labarin irin waɗannan jirage yana isowa ƙauyuka, kuma bai hana kowa shiga ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ai ya fi wutar zafi.

Ƙidayar 1851 ta sami miliyan 6 da rabi. Kimanin miliyan ɗaya sun mutu, akasari da zazzaɓi da gudawa da suka biyo bayan yunwa, fiye da miliyan ɗaya kuma sun ƙetare.

Daga nan ne ainihin labarin ya fara. Wanda ya isa Boston ko New York, da zarar ya sami aikin leburanci, abin da zai fara yi shi ne ya aika wasiƙa gida da kuɗin jirgin ƙanensa. Ƙane ya zo ya ɗauko ƙanwa, ƙanwa ta ɗauko 'yar maƙwabta. Hanya ta buɗe, kuma kuɗin waɗanda suka tafi ne ke riƙe da ita, ba na wata hukuma ba. A gida kuma manoma sun ɗauki darasi mai ɗaci daga yunwar: an daina raba gona. Ɗa ɗaya ne zai gada, sau da yawa sai uban ya tsufa tukuf kafin ya sakar masa. 'Ya ɗaya ce za a iya haɗa wa kayan aure. Saura fa? Ko su shiga aikin coci, ko su zauna a gidan ɗan'uwa ba aure har mutuwa, ko su kama hanyar tashar jirgi. Shi ya sa Ayilan ta zama ƙasar da aka fi jinkirin aure a Turai, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ma ba ya yin auren sam. Ƙasa ce da gidan da aka yi aure ake haihuwa da yawa, amma jama'a na raguwa.

Wani abin da ya bambanta Ayilan da sauran ƙasashen da suka tura mutane Amurka shi ne mata. Daga Italiya, misali, maza ne suka fi tafiya, da yawa kuma sukan tara abin da suka tara su koma. Daga Ayilan 'yan mata marasa aure sun tafi kusan daidai da samari, suka cika gidajen masu kuɗi na Amurka suna aikatau, kuma su ne suka fi riƙe amanar aiko da kuɗi gida. Mutum na farko da aka rubuta sunansa a tashar karɓar baƙi ta Ellis Island ranar da aka buɗe ta, 1 ga Janairu 1892, wata yarinya ce daga Cork, Annie Moore, tare da ƙannenta biyu. Ƙauyen da 'yan matansa suka tafi kuwa, ba ya buƙatar wata annoba kafin ya mutu.

Daren da mutum zai tafi, dangi da maƙwabta sukan taru a gidansu su kwana zaune, kamar yadda suke kwana a kan gawa. A yi kiɗa, a yi rawa, a ci a sha, tsofaffi su yi nasiha. Da asuba sai kuka ya ɓarke, a raka shi har mararraba. Iyaye sun san sun yi masa ganin ƙarshe, domin kaɗan ne ƙwarai ke dawowa. Harshen ƙasar ma ya bi su. Yankunan yamma da suka fi jin yunwar su ne masu magana da harshen Gelik, kuma iyaye da kansu suka riƙa tilasta wa yara Turanci, don sun san a Boston ko Liverpool yaron zai nemi abinci. A 1851 masu jin harshen sun kai miliyan ɗaya da rabi; zuwa 1911 ba su kai kashi 18 cikin 100 na jama'a ba, jama'ar kuma ta sauko zuwa miliyan 4.4.

Masu fafutukar 'yanci sun daɗe suna cewa mulkin Ingila ne ke korar mutane, ranar da ya kau tafiya za ta tsaya. A 1922 gundumomi 26 suka sami mulkin kai, 6 na arewa suka zauna da Birtaniya. Tafiya ba ta tsaya ba. Éamon de Valera, wanda ya fi kowa daɗewa yana jan ragamar sabuwar ƙasar, ya so Ayilan ta manoma masu wadatar zuci, mai dogaro da kanta, an kewaye ta da harajin shigo da kaya. Niyyar mai kyau ce, amma saurayi ba ya cin niyya. Da Amurka ta tsuke ƙofarta, sai aka karkata Ingila, inda dama an saba zuwa cin rani lokacin girbi. Bayan yaƙin duniya na biyu 'yan Ayilan ne suka haƙa ramukan jirgin ƙasa, suka shimfiɗa manyan tituna, suka sake gina biranen da bama-bamai suka rusa, 'yan matansu kuma suka cika asibitocin Birtaniya suna aikin jinya. Sun sha wulaƙanci; akwai masu gidajen haya da ba sa ba ɗan Ayilan ko baƙar fata ɗaki. Tsakanin 1951 da 1961 kaɗai ƙasar ta yi asarar mutum kusan 400,000. A 1953 aka kwashe mutanen ƙarshe daga tsibirin Great Blasket, domin ba sauran matasan da za su tuƙa kwalekwale in wani ya kwanta ciwo. Gundumar Leitrim, mai mutum 155,000 a 1841, ta yi ta zubewa har ta kai kusan 25,000 a shekarun 1990. Ƙidayar 1961 ta sami miliyan 2.8 a duk Jamhuriyar, mafi ƙanƙanta a tarihinta.

Wani reshe na wannan tafiya ya iso har ƙasarmu. Cikin 'ya'yan da gona ba ta ɗauka ba, dubbai sun zama limaman coci da mata masu zaman zuhudu, kuma Najeriya na cikin wuraren da suka fi zuwa. Makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Kano, matan wata ƙungiyar zuhudu daga Ayilan ne suka kafa ta bayan sun iso garin a 1948. Ƙungiyar agaji ta Concern ma an kafa ta ne a Dublin a 1968, saboda hotunan yaran da yunwa ta kama a yaƙin basasar Najeriya. Mutanen da kakanninsu suka ga 1847 ba su iya kallon waɗannan hotuna su kau da kai ba.

Abin da ya juya al'amarin ba wa'azi ba ne, ko da yake an yi wa'azin kishin ƙasa har an gaji. A 1958 wani babban ma'aikacin baitulmali, T. K. Whitaker, ya rubuta rahoto ya faɗa wa shugabanni ƙarara cewa rufe ƙofa ya gaza. Seán Lemass, da ya hau mulki a 1959, ya karɓi shawarar, aka fara zawarcin kamfanonin waje da sassaucin haraji. A 1966 ministan ilimi Donogh O'Malley ya ba da sanarwar karatun sakandare kyauta, aka fara a shekarar da ta biyo, har da motocin kai yaran ƙauye makaranta. A ganina wannan mataki ya fi duk sauran nauyi, domin shi ya sa ɗan manomin da da zai tafi Ingila da shebur ya zama wanda kamfani zai zo nema har gida. A 1973 ƙasar ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, kuma a shekarun 1970 masu dawowa suka fi masu fita yawa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Bashi da rashin aiki suka dawo a shekarun 1980, a 1989 kaɗai mutum kusan 70,000 suka fita, wannan karon da takardun digiri a jaka. Dubbai suka zauna a Amurka ba takardar izini, gwamnatin Dublin kuma ta yi ta kai gwauro tana kai mari a Washington don a halatta musu zama. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar 1989 ɗin ce kamfanin Intel ya sauka a garin Leixlip. Wasu suka biyo baya, na kwamfuta da na magunguna, daga baya Google da Facebook suka kafa hedikwatarsu ta Turai a Dublin. Ƙasa mai jin Turanci, mai matasa masu ilimi, mai harajin kamfani da ya sauko har kashi 12.5, kuma tana cikin kasuwar Turai. Daga 1996 masu shigowa suka rinjayi masu fita. Da farko 'yan ƙasa ne ke dawowa da 'ya'yansu masu karin harshen Landan da Boston. Sai kuma baƙi. Ranar 1 ga Mayu 2004 ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, kuma Ayilan da Birtaniya da Suwidin ne kaɗai suka buɗe musu kasuwar aiki nan take. 'Yan Polan da ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba a 2002 suka kai 63,000 a 2006, suka haura 122,000 a 2011.

Garin Ballyhaunis a gundumar Mayo, ɗaya daga cikin gundumomin da yunwa da ƙaura suka fi yi wa illa, ya isa misali. A shekarun 1970 wani ɗan kasuwa ɗan Pakistan ya buɗe mahautar yankan halal a can don fitar da nama ƙasashen Musulmi. Mahauta suka zo daga Pakistan da Siriya da iyalansu. A ƙarshen shekarun 1980 aka gina masallaci, na farko da aka gina musamman don sallah a duk ƙasar, a wani ɗan gari na manoma 'yan Katolika, tun kafin babbar cibiyar Musulunci ta Clonskeagh a Dublin da aka buɗe a 1996. Zuwa ƙidayar 2016, kusan mutum huɗu cikin goma na garin ba 'yan ƙasa ba ne, kuma yaran baƙi suna buga wasannin gargajiya na Gelik a ƙungiyar garin. A 1991 Musulmin ƙasar ba su kai 4,000 ba. A 2022 sun kusa 82,000.

Masu neman mafaka ba su sami irin wannan tarba ba. A 1992 mutum 39 ne suka nemi mafaka a Ayilan; a 2002 sun kai 11,634, kuma 'yan Najeriya ne suka fi yawa. A 2000 aka kafa tsarin ajiye su a tsofaffin otal-otal da sansanoni, a ba su abinci da kwana da Yuro 19.10 a mako, ba izinin aiki, a wurare da yawa ma ba damar dafa abinci. An ce na wata shida ne, wasu suka shekara bakwai ko fiye, yara suka tashi ba su taɓa ganin uwarsu ta ɗora tukunya ba. Sai a 2017 kotun ƙoli ta ce hana su aiki kwata-kwata ya saɓa wa tsarin mulki. Kafin nan, a watan Yuni na 2004, an yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 79 cikin 100 suka amince a daina ba duk jaririn da aka haifa a tsibirin zama ɗan ƙasa kai tsaye. Kowace ƙasa tana da ikon tsara dokarta, kuma sauran ƙasashen Turai dama haka suke. Amma a muhawarar an yi ta nuna matan Afirka masu ciki da yatsa, a ƙasar da shugabanninta ke roƙa wa nata marasa takarda afuwa a Amurka, inda duk ɗan da suka haifa yake zama Ba'amurke ranar haihuwarsa. Wannan abu yana ci mini rai. Duk da haka, shekara uku bayan ƙuri'ar, kansilolin garin Portlaoise suka zaɓi Rotimi Adebari, ɗan Najeriya da ya shigo neman mafaka a 2000, ya zama magajin gari baƙar fata na farko a ƙasar.

A 2008 kasuwar gidaje ta rushe, bankuna suka durƙushe, a 2010 ƙasar ta karɓi lamunin ceto na Yuro biliyan 85. Nan da nan tsohuwar hanya ta sake buɗewa, kamar ba a taɓa rufe ta ba: fiye da mutum 80,000 a shekara, zuwa Ostireliya da Kanada da Ingila. Ƙungiyoyin wasa na ƙauyuka suka rasa 'yan wasan da za su cika fili. Bayan 'yan shekaru tattalin arziki ya farfaɗo, ruwa ya sake juyawa.

Ƙidayar 2022 ta sami mutum 5,149,139 a Jamhuriyar, karo na farko da yankin ya haura miliyan 5 tun 1851. Mutum ɗaya cikin biyar a waje aka haife shi. Leitrim ma ta ɗago zuwa 35,000. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren, ƙasar ta karɓi 'yan gudun hijira fiye da 100,000, abin da ya yi yawa ƙwarai ga ƙasa mai wannan girma, kuma ta cancanci yabo a kai.

Inda gizo ke saƙa yanzu shi ne muhalli. Bayan rushewar 2008 an kusa daina gina gidaje shekaru da dama, jama'a kuma na ƙaruwa. Haya a Dublin ta fi ƙarfin ma'aikaci, masu shekara talatin suna kwana a ɗakin da suka yi yarinta. Laifin na waɗanda suka ƙi gini ne, amma baƙo ya fi sauƙin gani. An ƙona gine-ginen da aka ji za a sauke masu neman mafaka, an bar wasu suna kwana a tanti a bakin titi, kuma ranar 23 ga Nuwamba 2023, bayan wani hari da wuƙa kusa da wata makaranta, 'yan tarzoma suka ƙona motocin haya da jirgin cikin gari a tsakiyar Dublin suna ihun a kori baƙi. Cikin waɗanda suka tare maharin a ranar har da wani ɗan Burazil mai kai saƙon abinci a babur.

A shekarar da ta ƙare a watan Afrilu na 2024, mutum 149,200 suka shigo ƙasar, 69,900 suka fita. Cikin masu fitar, kusan rabi 'yan ƙasa ne, fiye da 10,000 kuma Ostireliya suka nufa. Da yawansu matasan likitoci ne da ma'aikatan jinya da malaman makaranta, masu aiki a hannu, waɗanda ba su ga ranar da za su mallaki gida a garinsu ba. Guraben da suka bari a asibitoci, ma'aikatan jinya daga Indiya da Filifin da likitoci daga Pakistan da Sudan da Najeriya ne ke cikewa, su ma kuma sun baro asibitocin da ke buƙatarsu a gida.